Kai iyali kallon tumaki da sana'ar zare a Kano: tambayoyi da amsoshi

Tun da hotunan bukukuwan baje kolin tumaki da ulu na ƙasashen Turawa suka fara yawo a wayoyi, iyaye da dama ke tambaya ko akwai irinsu a Kano, a kai yara su buɗe ido. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, da amsarsu yadda abin yake a ƙasa.

Wai me ake yi a irin wannan baje koli?

Makiyaya ne ke kawo dabbobin da ake kiwo don gashinsu, wato tumakin ulu, da wasu irin awaki, da zomaye masu dogon gashi, da alfaka (wata ƙaramar 'yar uwar raƙumi), su haɗu da masu kaɗi da masaƙa da marina a fili guda na kwana biyu ko uku. Ana aske tunkiya a gaban jama'a, alƙalai su duba gashin su ba da lambar yabo, a yi gwanjonsa. Akwai gasar da ake tara mutum kaɗan a ƙungiya, ɗaya ya yi aski, wasu su kaɗa zare, ɗaya ya hau masaƙa, cikin 'yan awoyi su fitar da mayafi daga gashin da ke jikin tunkiya da safe. A Amurka akwai na jihar Maryland da ake yi a watan Mayu, da na garin Rhinebeck a jihar New York a watan Oktoba. A Niyuzilan kuwa gasar askin tumaki ta garin Masterton tana gudana tun 1961.

Akwai irinsa a Kano?

Babu. Duk wanda ya ce muku akwai ranar da ake tara tumakin ulu a aske su a Kano, ku tambaye shi unguwar.

Sai dai abin da waɗancan suke tarawa a fili ɗaya, mu a warwatse yake a cikin gari, kuma ba na kwana biyu ba ne, kullum yana nan. Dabbobi suna kara, rini yana Ƙofar Mata, saƙaƙƙen kaya da zare suna Kurmi, tsofaffin kayan aiki suna Gidan Makama. Aikin uba ko uwa shi ne haɗa waɗannan wurare su zama yini guda mai ma'ana. A ganina ma wannan ya fi amfani ga yaron Kano, domin abin da zai gani sana'ar kakanninsa ce da ake ci da ita har yau, ba abin da aka shirya don 'yan kallo ba.

Me ya sa tumakinmu ba su da ulu?

Saboda irinsu daban ne. Tumakin duniya kashi biyu ne a wannan fannin: masu ulu da masu gashi. Namu masu gashi ne, gajere mai kauri, wanda ke zuba da kansa ba sai an aske ba. Wannan rahama ce gare su. Tunkiyar da za ta yi yawon kiwo a watan Afrilu, rana tana kaiwa digiri 40, ba ta da bukatar bargo a bayanta. Ga kuma ƙarangiya: duk wanda ya taɓa cire ta daga wando ya san abin da za ta yi wa gashi mai laushi mai tsawon yatsa.

Tumakin ulu da suka fi suna su ne Marino. Asalinsu ƙasar Sifen, amma yau Ostireliya ce ke kan gaba wajen fitar da lallausan ulunsu. Ɗan Adam ne ya yi ta zaɓen iri shekaru aru-aru har aka samu tunkiyar da gashinta ba ya daina tsiro.

Amma kada a ce wa yara ulu na Bature ne kaɗai. A nan Afirka ta Yamma akwai tumakin Masina a ƙasar Mali, a fadamun kogin Kwara wajen Mopti, waɗanda Fulani ke kiwo. Ulunsu yana da kaushi, da shi masaƙan can ke yin barguna masu nauyi da makiyaya ke lulluɓa da su lokacin sanyi da sauro. Jar dara kuma da dattawa ke sawa a ƙarƙashin rawani, ta asali da ulu ake yinta, daga Tunis take ketowa ta hamada tun zamanin ayari. Wanda ke son haɗa wa yara da karatun Islamiyya, aya ta 80 a Suratun Nahli ta ambaci ulun tumaki da gashin raƙuma da na awaki a cikin ni'imomin da aka yi wa mutane.

To in babu ulu, me yara za su kalla a kara?

Da yawa, in an nuna musu yadda ake kallo. Yaron birni yakan ɗauka rago rago ne kawai. Ku sa su bambance iri uku kafin a bar wurin.

Balami shi ne babban, fari fat, mai gantsararren hanci da kunnuwa masu faɗi a zube. Daga wajen Borno asalinsa yake, kuma shi masu kiwon turke suka fi so. Uda ba ya ɓuya: gabansa baƙi ko ja, bayansa fari, iyakar launin biyu a tsakiyar jiki, ƙahonin ragon kuma sun miƙe gefe da gefe suna murɗewa. 'Yankasa shi ne na gida, matsakaici, fari mai baƙi a kewayen ido da kunne da baki, ragonsa da geza a wuya da ƙirji. Ku bar yaro ya shafa gezar nan, sannan ya shafa bayan ragon. Tsawo da kaurin gashin ba ɗaya ba ne, kuma daga nan bayanin ulu zai fi shigarsa.

A ɓangaren awaki ku nemi jar akuya, wadda ake dangantawa da Sakkwato da Maraɗi. Ita ba gashinta ne abin nema ba, fatarta ce. Fatun nan ne fatake suka riƙa kaiwa Arewacin Afirka, Turawa suka saye su a can suka laƙaba musu sunan fatar Maroko. In an ci sa'a aka tarar da raƙumi, a duba kafaɗarsa da tozonsa, inda gashi ya fi yawa. Raƙuman da ake saƙa tufafi masu tsada da gashinsu su ne masu tozo biyu na Mongoliya da Sin. Namu masu tozo ɗaya gashinsu kaɗan ne.

Wace kara ta fi dacewa, kuma yaushe?

A cikin gari, 'Yan Awaki da ke Unguwa Uku ta fi sauƙin zuwa, adaidaita sahu za ta kai ku. Mai mota da ke son yara su ga kasuwa ta sosai, Wudil tana ci ranar Juma'a, Dambatta ranar Lahadi, Maigatari a Jigawa ranar Alhamis. Waɗannan manyan kasuwannin shanu ne, don haka sun fi dacewa da yaran da suka yi wayo.

Lokaci kuwa, hantsi, kafin rana ta take. Watannin kaka zuwa farkon hunturu sun fi daɗi, ƙasa ta bushe, dabbobi sun ƙoshi da harawa. Da damina kara caɓi ce, takalmin yaro zai iya zama a can.

Mutane da yawa suna ganin makon Babbar Sallah ne ya fi, tunda a lokacin kowane lungu ya cika da raguna. Don kallo daga nesa, haka ne. Amma shiga kara da ƙananan yara ana jibi Sallah wahala ce kawai: turereniya, motoci suna sauke kaya, dillalai hankalinsu yana kan la'ada, ba mai lokacin amsa tambayar yaro. Ku je makonni uku ko huɗu kafin nan, ko bayan Sallah in kasuwa ta lafa. A lokacin za ku samu dattijon da ke zaune a inuwa, wanda zai buɗe bakin rago ya nuna wa yara yadda ake gane shekaru ta haƙora.

Ba haɗari a kai yara cikin dabbobi?

Akwai, amma wanda ake iya kiyayewa ne. Rago yana tunkuyi, kuma kan yaro ɗan shekara huɗu daidai yake da ƙahonsa. Kada yaro ya tsaya gaban rago yana taɓa masa goshi, gayyatar karo ce. A tsaya ta gefen kafaɗa, mai dabbar yana riƙe da igiya. Bayan saniya da bayan raƙumi ba wurin tsayuwa ba ne, raƙumi ma har cizo yake yi. A kula da igiyoyin turke, su suka fi kayar da yara.

Sai tsabta. A sa takalmi rufaffe. Kada a ci komai a cikin kara, ko da gyaɗa ce, sai an wanke hannu da ruwa da sabulu. Ku tafi da naku a jarka. Dabbar da ke da ƙuraje a baki, ko majina, ko wani zagayen tabo da gashi ya zube, a kalle ta daga nesa, domin ƙurajen bakin tumaki da makero duk suna kama mutum. An dawo gida a duba jikin yara ko kaska ta maƙale, musamman bayan kunne da hammata. In kuma hukuma ta yi sanarwar ɓarkewar wata cutar dabbobi, kamar yadda aka yi kan cutar antaraks a 2023, a ɗage tafiyar.

Ina da juna biyu, zan iya bin su?

Hajiya, ki bi su Kurmi da Ƙofar Mata, amma kara ki bar wa maigida. Wasu cututtukan da ke sa tumaki da awaki ɓari suna iya shafar mai ciki, kuma haɗarin ya fi yawa kusa da dabbar da ta haihu kwanan nan. Ko a gida ma, kada mai ciki ta karɓi haihuwar tunkiya ko ta taɓa mahaifarta.

Ashe duk zarenmu na gargajiya auduga ce? Babu wanda ke fitowa daga jikin halitta mai rai?

Akwai, kuma shi ne abin da na fi so a nuna wa yara: tsamiya. Wasu tsutsotsi ne na daji ke taruwa a jikin bishiya, su saƙa wa kansu gida guda su shige ciki. Ana ɗebo gidan, a dafa shi da ruwan toka har danƙon da ya haɗe shi ya saki, a wanke, a shanya, sannan mata su kaɗa shi da mazari yadda ake kaɗa auduga. Zaren da ke fitowa launinsa tsakanin toka da ƙasa-ƙasa ne, ba ya ƙyalli irin na silikin Sin, amma yana da ƙarfi ƙwarai. Da shi ake aikin wuyan manyan riguna, aska biyu da aska takwas, kuma rigar da aka saƙa da shi zalla sai sarakai da attajirai.

A Kurmi, wajen masu sayar da manyan riguna, ku roƙi a fito muku da tsohuwar riga mai aikin tsamiya a ajiye ta kusa da ta aikin inji. Ku juya cikin aikin yara su gani. Na hannu ɗinkinsa ba ya tafiya daidai-wa-daida, kuma a nan ake gane shi. A tambayi alharini ma, jan silikin nan da ake kawowa daga Tarabulus a zamanin da.

Ina za mu ga ana kaɗi da saƙa da hannu?

Wannan ita ce tambaya mai wuya, domin kaɗi ba sana'ar kasuwa ba ce, ta cikin gida ce, kuma masu yinta sun tsufa. Kafin ku nemi wani wuri, ku fara da danginku. Da wuya a rasa wata gwaggo ko kaka, a cikin birni ko a ƙauye, da ta yi kaɗi da ƙuruciya. Ku saya mata auduga mai 'ya'ya, ku kai mata jikoki, ku ce, "Iya, a nuna musu."

Abin da za su gani ke nan. Za ta ɗora audugar a kan magurji ta murza da ɗan ƙarfe, angurya ta fita. Ta ɗauki bakan shiɓa ta kaɗa tsirkiyar a cikin audugar har ta tashi ta yi laushi. Ta naɗa ta, ta shafa alli a yatsu don kada su yi santsi, ta murza mazari ya riƙa juyawa a cikin ɗan kasko, hannun hagu yana ja sama a hankali, zare yana fitowa. In ta so siriri ta yi, in ta so abawa mai kauri ta yi. A ba yaro ya gwada. Zai tsinke masa nan take, kuma daga ranar zai san hannun tsohuwar nan ba na wasa ba ne. Yadda ake kaɗa ulu ma ke nan, bambancin kawai shi ulu sai an wanke maiƙon jikinsa tukuna.

Masaƙan maza masu siririn ƙyalle, da ƙoshiya tana kai da komo, sun ragu a cikin birni, amma ana samun su a garuruwan kewaye. Masu sayar da saƙi da gwado da luru a Kurmi sun san inda kayansu ke fitowa, su za ku tambaya.

Ƙofar Mata fa, ba kallon ramuka ba ne kawai?

In an leƙa an fita, haka ne. Ku zauna a ga an tsoma farin ƙyalle. Karofin yana da zurfi fiye da tsayin mutum, an haɗa masa baba da toka da ruwa an bar shi ya ruɓa na makonni. Marini zai tsoma ƙyallen, ya ɗaga, ya matse, ya sake tsomawa. Ku ce wa yara su zuba ido lokacin da ya ɗaga: ƙyallen yana fitowa da ɗan kore-kore, iska tana bugunsa yana komawa shuɗi a gaban idonsu. Yawan tsomawa shi ke kawo duhun launi. Daga nan a bi sautin bugu zuwa wajen mabuga, inda ake dukan ƙyalle a kan gungume har ya yi sheƙi.

Marinar tana ɗauke da shekarar 1498 a matsayin lokacin kafuwarta, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ake danganta kafa kasuwar Kurmi da shi. Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a nan suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Turkuɗin Kura kuwa har yau Buzaye suna nemansa.

Kada a sa wa yara fararen kaya ranar. A koya musu su gaida masu aiki, "Sannu da aiki, Baba," kafin a fara tambaya, kuma in an ɗauki lokacin mutum a yi masa alheri ko a sayi ɗan ƙyalle.

Zaren ulun da muke saya don saƙa hula da rigar sanyin jarirai, na tunkiya ne?

Yawancinsa a'a. Akirilik ne, daga man fetur ake yinsa. Ba laifi ba ne, yana da araha, yana jure wanki, asu ba ya cinsa. Amma in an ce muku na gaske ne aka tsuga kuɗi, akwai gwaji. A yanko ɗan guntu, babba ya kai masa ashana a waje. Ulu na gaske ba ya son kamawa, yana ƙauri irin na babbakar kan rago, kuma abin da ya ƙone yana murƙushewa a yatsa. Akirilik narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri, a kula kada ya ɗiga a hannu. Auduga tana ci da sauri ta bar toka mai laushi.

Inda aka fi samun ulu na gaske a Kano shi ne cikin gwanjo: kwat da rigunan sanyi na ƙasashen waje, takardar wuyansu tana faɗa. In kun samu, kada a wanke da ruwan zafi ko a cuɗa da ƙarfi. Zai tsuke ya dunƙule, ba ya komawa.

Yara suna ta tambaya kan alfaka da sauran dabbobin da suke gani a waya. Me zan ce musu?

Alfaka 'yar uwar raƙumi ce, ƙarama marar tozo, mafi yawansu suna kan tsaunukan Peru a Kudancin Amurka. Kashmiya lallausan gashi ne da ke ƙarƙashin gashin sama na wasu awakin Mongoliya da Sin, da mataji ake tsefe shi bayan sanyi ya wuce, kuma akuya guda ba ta ba da ko rabin kilo a shekara, shi ya sa yake tsada. Akuyar Angora asalinta Turkiyya, amma Afirka ta Kudu ce ta fi kowa fitar da gashinta a yau. Akwai kuma zomon Angora, wanda Sin ta fi kiwo.

Askin ba ya cutar da tunkiya?

In gwani ne ya yi, a'a, cikin minti biyu zuwa uku ya gama. Rashin askin ne cuta. A 2015 an tsinci wani ragon Marino kusa da Kanbera a Ostireliya da ya ɓace shekaru, da ƙyar yake tafiya. Gashin da aka cire masa ya haura kilo 40, alhali askin shekara guda yakan tsaya wajen kilo 4 zuwa 5.

Baje kolin da ake yi a titin gidan zu fa?

Kasuwar baje koli ta ƙasa da ƙasa da ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA ke shiryawa takan zo ne wajen ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba. Ta kayan masana'antu da na masarufi ce, ba ta makiyaya ba, amma akan samu rumfunan kayan hannu da na baƙin 'yan kasuwa masu darduma da mayafai. Ga gidan zu na Audu Bako a kusa, ana iya haɗa su rana guda. Da rana a ranakun aiki ya fi sauƙi da yara, yammacin Asabar da Lahadi cika yake yi.

Ɗana ya kafe sai an saya masa ɗan tunkiya. In saya?

Ba ranar ba. Dillali ya ga yaro yana kuka ya riƙe igiya, ciniki ya ƙare, duk abin da kuka taya "albarka" za ku ji. A koma gida a yi lissafi tukuna: ina za a ɗaure ta, wa zai share wurin kullum, nawa ne buhun dusa da damin harawa in bazara ta yi, me maƙwabta za su ce in gidan haya ne. Tunkiya kuma ba ta son zama ita kaɗai, kuka za ta yi ta yi.

In duk wannan ya yiwu, a koma da wanda ya san dabba. A zaɓi 'yar 'Yankasa da aka riga aka yaye, mai ido garau, hanci a bushe, bayanta ba alamar zawo. A ware ta daga sauran dabbobin gida na mako biyu, a kira malamin dabbobi ya ba ta maganin tsutsar ciki ya yi mata allurar rigakafi. Sannan a gaya wa yaro tun ranar farko ko ta kiwo ce ko ta layya.